Kati Biyu a Kan Teburin Alhaji

Ofishinmu ɗaki biyu ne da 'yar baranda, a saman wani shagon kayan gini da ke kan titin Jama'are a Azare. Aikinmu zanen gine-gine: gidajen zama, shaguna, wani lokaci ajujuwan makaranta ko masallacin unguwa. Mu uku ne ma'aikata, na huɗunmu mai wurin, wanda kowa ke kira Alhaji. Ya yi shekaru yana zane da fensir da rula a aikin gwamnati kafin ya yi ritaya ya buɗe nasa. Bai koyi kwamfuta ba, bai kuma raina ta ba. Yakan tsaya a bayanka da tabarau a kan hanci, ya dubi allo ya ce, "Matakalar nan ta yi tsaye, tsohuwa ba za ta iya hawanta ba." In ka auna sai ka tarar haka ne.

Akwai Injiniya, Bafulatani daga Giade, shi ke lissafin rodi da kankare. Akwai Malama, ita ke tsara gini ta kuma mayar da shi hoto. Kakanninta daga Barno suka zo Azare fatauci suka zauna. To, kowa ya san abin da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare. Da safe ba ya ce mata ina kwana, sai dai ya ce, "Baiwata ta iso. Ina turaren wutar da na ce a kawo min?" Ita kuma ta ce, "Bawa ba ya tambayar uwar ɗakinsa. Je ka wanke ƙwaryar nonon tukuna." Haka muke wuni.

Ni kuwa mai zane ne. Abin da suka tsara nake zubawa a takarda da awonsa daidai, yadda magini zai karanta. Zamana likitan kwamfutocin ofis tsautsayi ne. Wata rana ɗaya ta ƙi tashi, na buɗe ta na hure dattin da ke ciki, na danna abin da na ga ya kwance, ta tashi. Tun daga ranar, ko firinta ce ta cije takarda sunana ake kira.

Abin da ya jawo maganar sababbin kwamfutoci wata Hajiya ce daga Gamawa, mai sayar da atamfofi, da ta ba mu zanen gidan da za ta gina. Ta ce ita layi-layin nan na takarda ba ta gane su, a nuna mata gidan a tsaye. Malama ta yi kwana uku tana tayar da shi a kwamfuta, har da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Ranar da Hajiya ta zo aka ba ta kujera kusa da allo, Malama ta kama linzamin kwamfutar ta fara juya gidan. Sai gidan ya ƙi juyuwa. Ya motsa kaɗan ya tsaya, ya sake motsawa ya tsaya, kamar jaki a cikin taɓo. Can sai allon ya yi fari, manhajar ta rufe kanta.

"Kar ki damu, 'yata," in ji Hajiya. "Keken ɗinkina ma in ya ga baƙo haka yake yi."

Muka yi dariya, amma ban da Alhaji. Sau uku ana sake buɗewa kafin ta samu ta ga falonta. Da ya raka ta ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya.

"Sun yi mana aiki, Allah ya saka musu," ya ce. "Za a canza su duka ukun." Ya nuna ni da sandar tabarau. "Kai za ka zaɓo. Ka kawo min a rubuce."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ɗauka aikin kwana biyu ne. Sauran kayan ciki ba su ba ni wahala ba, kusan duk wanda na tambaya bakinsu ɗaya. Inda na maƙale shi ne katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad. Wani ɗan allo ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke da alhakin duk abin da ido ke gani: layin da aka ja, gidan da ake juyawa, da abin da muke kira renda, wato kwamfuta ta ɗauki zane ta mayar da shi hoto kamar da kyamara aka ɗauka, da hasken rana da inuwa. Abin da ya kunyata mu gaban Hajiya raunin wannan katin ne.

Da na fara bincike sai na tarar katunan gida biyu ne. Akwai waɗanda aka yi don masu wasan kwamfuta, manya, masu fanka uku da fitilu masu canza launi. Akwai kuma waɗanda aka yi don masu aiki irin namu, ƙanana, baƙaƙe, ba ado ko kaɗan, amma sun fi tsada in aka kwatanta ƙarfi da ƙarfi. Wannan ya ɗaure min kai. Ta yaya ƙaramin abu mara ƙarfi zai fi babba tsada?

Injiniya bai ga abin ɗaure kai a ciki ba. Kullum bayan azahar sai ya jawo kujera ya nuna min bidiyo a wayarsa, wasu samari suna gwada katuna, dogayen sanduna masu launi suna nuna wanda ya fi gudu. Na wasan ne a sama ko yaushe.

"Ka gani da idonka," ya ce. "Wancan suna kawai ake saya. Kamar hular da aka ce daga Barno take, a ninka maka kuɗi alhali a Kano aka ɗinka ta."

"Wanda bai taɓa sa hular kirki ba ai dole ya ce haka," in ji Malama, ba tare da ta ɗago kai ba.

Ita ba ta ja da shi sosai a kan katin ba. Abin da ta ce min kawai, ita ba ruwanta da gudu, tana son abin da ba zai rufe mata aiki a gaban mutane ba. Na ji, amma sandunan nan masu launi sun riga sun shiga raina. Na rubuta manyan katunan wasa guda uku, iri ɗaya, na kai wa Alhaji.

Ya karanta takardar a hankali, yana bin layi da yatsa, duk da na san rabin abin da ke ciki lambobi ne da ba su ce masa komai ba. Ya ajiye.

"Wa ka tambaya?"

"Ranka ya daɗe, na karanta da yawa. Na kalli gwaje-gwaje."

"Na ji. Masu gwajin nan, a Azare suke aiki?"

Na ce a'a.

"In mutum ya hau benen nan ya ce mu zana masa gida, me muke fara yi? Muna ɗauko masa zanen gidan da ya fi kowanne girma mu miƙa masa?"

"A'a. Tambayarsa muke yi. Mutum nawa ne a gidan, ina filin yake, ina ruwa ke bi da damina."

"To, je ka yi haka." Ya turo min takardar. "Ni ban san katin nan ba. Amma ban taɓa ganin mutum uku da takalmi ɗaya ya yi musu daidai ba."

Na ɗauki takardata na fito. Washegari na ɗauki littafi na zauna a bayan Injiniya tun safe, ina kallon abin da yake yi. Ya ce ko an naɗa ni ɗan sandan ciki ne. Abin da na gani ya ba ni mamaki, duk da shekarun da muka yi tebur da tebur. Kusan wuni guda lambobi yake cikawa a jadawali, sai ya danna ya jira lissafi ya fito. Da na duba abin da kwamfutar ke wahala da shi a lokacin jiran, ba katin hoto ba ne sam, ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ita kanta. Katin yana zaune yana hutawa. Babbar wahalarsa wata ce daban: yana buɗe zane, ya rufe ya buɗe jadawali, ya manta lambar da ya gani ya koma. Na ƙirga ya yi haka ya fi sau ashirin kafin la'asar, har yana rubuta lamba a bayan hannunsa da biro.

Rana ta biyu na zauna bayan Malama. Nan ne na ga inda katin ke shan wuya. A lokacin muna da aikin wata makaranta mai ajujuwa da yawa, da ɗakin kwanan ɗalibai da bishiyoyi. Kafin ta juya ginin sai ta kashe bishiyoyin, ta kashe kujeru, ta kashe rufin, ta bar shi tsirara, sannan ya yarda ya motsa. In za ta yi renda kuwa sai ta raba makarantar gida huɗu ta yi ɗaya-ɗaya, domin katin ba shi da wurin da zai riƙe ta gaba ɗaya. Ta saba da hakan har ba ta ganinsa a matsayin matsala.

"Tun yaushe kike haka?" na tambaye ta.

"Tun da na zo. Na ɗauka haka aikin yake."

Nawa aikin na san shi. Layuka ne sirara, dubbai, ina matsowa ina ja da baya. Ba na buƙatar doki, abin da nake so layi ya tsaya cak kada ya yi rawa.

Na koma wa Alhaji da wannan. Ya gyaɗa kai, ya ce in shirya in tafi Kano. Akwai wani dattijo mai shagon kwamfutoci da Alhaji ya zana wa gida shekarun baya, suka zama abokai. Ya buga masa waya a gabana, suka daɗe suna gaisawa da tambayar iyali kafin a zo kan magana.

Na bi motar safe, muka wuce Jama'are da Shuwarin, kafin azahar ina shagon. Na zaci zai fara ciro min kwalaye. Sai ya sa aka kawo min ruwa, ya ce in zauna.

"Wace irin wuta kuke da ita a ofis?"

Na ce wutar gari in ta samu, in babu kuma sola ce da inbata da batura, su ke riƙe da kwamfutoci da fankoki da wani ɗan firji na Alhaji.

"Akwai na'urar sanyaya ɗaki?"

"Babu."

"A Azare, da bazara, a saman bene." Ya yi murmushi. "Malam, ni ɗan kasuwa ne. In ka ce na wasan nan uku kake so, yanzu zan sa a ɗaure maka. Kaya ne masu kyau, ban ce ba su da kyau ba. Amma kowanne ɗaya yana shan wutar da ta fi ta ƙananan nan uku a haɗe, kuma duk wutar da ya sha zafi yake mayar da ita ya huro muku a ɗaki."

Ya ciro ƙaramin ya ɗora min a tafin hannu. Bai fi tsawon littafin rasit ba. Ya ce tsadarsa ba ta suna ba ce kawai. Masu yin sa suna zama da masu yin manhajojin zane su gwada su tare, don kada a yi ta samun saɓani tsakaninsu. Sannan wannan ɗin wurin ajiyarsa giga goma sha shida ne, na wasan da na rubuta kuma goma sha biyu.

"Amma kada ka ɗauki maganata," ya ce. "Ni ma baki gare ni kamar masu bidiyon. Tafi da kwamfuta ɗaya da katin nan biyu. Ku gwada su mako guda da aikinku, a ɗakinku, da wutarku. Wanda bai yi ba ka dawo min da shi."

Na ce ko zan sa hannu a wata takarda. Ya ce gidan da yake kwana a ciki shi ne takardar, shekara nawa bai taɓa yoyo ba.

Na dawo da kwalaye uku a kan cinyata, ban yarda an sa su a but ba. Washegari na jera katunan biyu a kan teburin Alhaji. Injiniya ya ɗaga babban da hannu biyu kamar wanda aka miƙa wa jariri.

"Wannan shi ne kati," ya ce. "Wancan kuwa ɗan Barno ne, ga ƙanƙanta ga tsada."

Da babban muka fara. Sai da na cire wani ƙarfe a cikin akwatin kwamfutar kafin ya shiga. Da aka kunna, fitilunsa suka haska ta gefen gilashi, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore. Malama ta buɗe gidan Hajiyar Gamawa ta taɓa linzami, gidan ya juya kamar faifai. Ta sa renda. Hoton da tsohuwar kwamfutarta kan kai mu har sallar la'asar tana yi, ya fito kafin Injiniya ya gama shan shayinsa. Ya tashi ya zaga ɗakin yana tafi. Ni ma, gaskiya, na ji kamar takardata ta farko ce ta yi gaskiya.

Rana ta uku aka ɗauke wutar gari da misalin sha biyu. Watan da ake zafin nan ne wanda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Malama tana cikin renda. Fankokin katin suka ɗauki ƙara kamar injin markaɗe daga nesa, iska mai zafi tana bugun ƙafafunta har ta janye kujera. Ba a jima ba inbata ta fara kuka. Na tashi na kashe firjin Alhaji, ta yi shiru, ta sake farawa. Na kashe fanka ɗaya. Muka zauna gumi yana ɗiga a kan takardu. Wannan fa kati ɗaya ke nan, sauran kwamfutocin biyu tsofaffin ne.

Alhaji ya leƙo daga ɗakinsa da kofi a hannu. "Wa ya kashe min ruwan sanyi?"

"Dokin Injiniya ne ya shanye," in ji Malama.

Da wuta ta dawo ta buɗe makarantar gaba ɗaya, da bishiyoyinta da rufinta. Juyawa kam ta juyu. Amma da ta sa renda, ya yi nisa sai ya tsaya ya rubuto cewa wurin ajiya ya cika. Ta rage bishiyoyi ta sake, sannan ya wuce.

Ranar Alhamis na cire shi na soka ƙaramin. Ko igiyar wuta ta daban ba ya buƙata. Aka kunna, shiru, har Injiniya ya sunkuya ya kara kunne ya ji ko yana aiki. Gidan Hajiya ya juya lafiya. Renda kuwa ya ɗauki kusan ninki biyu na lokacin babban, wannan ba a ɓoye yake ba, Injiniya ya riƙe agogo yana sanar da mu minti-minti. Sai Malama ta buɗe makarantar, ba ta kashe ko ganye ɗaya ba, ta sa renda ta tafi salla. Ta dawo ta tarar da hoton yana jiranta, makarantar gaba ɗaya, inuwar bishiyoyi a kan barandar ajujuwa. Ta daɗe tana kallo.

"Ban taɓa ganinta a haɗe ba," ta ce a hankali. "Ni na zana ta, amma yau na fara ganinta."

A nan take ta lura ɗakin kwanan ɗalibai zai tare wa aji biyu iska, abin da ba ya nunawa in an raba ginin gida huɗu. Ta kira Alhaji ya duba, ya ce a matsar da shi.

An sake ɗauke wuta ranar Asabar. Inbata ba ta ce uffan ba, firji yana aiki, fankoki biyu suna juyawa. Ni ma na karɓi kwamfutar na yi rabin wuni a kanta da zanena, layukan suka tsaya min yadda nake so.

Ranar Litinin Alhaji ya tara mu. Ya ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, a fara da Injiniya.

"Ni dai har yanzu na ce babban ya fi gudu," in ji shi.

"Ba wanda ya musa," in ji Alhaji.

Sai na buɗe littafina na karanta wa Injiniya abin da na gani ranar da na zauna a bayansa. Na ce aikinsa bai taɓa tayar da katin daga barci ba, ko wanne aka sa masa ba zai ga bambanci ba. Abin da yake buƙata ƙwaƙwalwa mai ƙarfi ce da allo biyu, zane a ɗaya jadawali a ɗaya, ya huta da rubutu a bayan hannu. Ya dubi bayan hannunsa, akwai lamba a wurin kuwa. Ya fashe da dariya har da buga tebur.

"Wato duk hayaniyar nan da na yi, a kan abin da ba ni zan hau ba ne?"

"Haka Fulani suke," in ji Malama. "Su yi ta cinikin jirgin ruwa alhali a tudu suke kiwo."

"Allo biyu fa aka ce za a ba ni. Ke ɗaya. A nan ma an san waye ubangida."

Aka tsaya a kan haka. Malama ta riƙe mai giga goma sha shidan. Ni aka sayo min ƙanensa, daga gida ɗaya amma bai kai shi ba. Injiniya aka ba shi mafi ƙanƙanta da allo biyu. Babban na mayar da shi Kano da hannuna, a kwalinsa. Dattijon ya karɓa ya ce akwai wani mai haɗa finafinai da ke nemansa, shi yana da janareta da ɗaki mai sanyi, a wurinsa zai yi daidai.

Ni ma ban fita ba tare da nawa kuskuren ba. Ranar da sauran kayan suka iso, na jera komai, na kwashe tsofaffin kwamfutoci na kai baranda, kowa ya tsaya yana jira. Na ɗauko igiyar allo zan soka, sai na ga ramukan da ke bayan katunan ƙanana ne, igiyoyinmu kuwa masu faɗin kai. Lokacin gwaji dattijon ya haɗo min da wata 'yar mahaɗa guda ɗaya a cikin kwali, na yi amfani da ita ban ko lura da muhimmancinta ba. Yanzu ana buƙatar huɗu, ɗaya ke akwai. Na zaga shagunan waya da na kwamfuta na cikin gari a kan babur, babu. Na dawo na tsaya gaban Alhaji ina sosa ƙeya.

"Mun taɓa zana gidan sama muka manta wurin tankin ruwa," ya ce. "Buga wa abokina na Kano waya."

Dattijon ya ba wani direban Azare su a cikin ambulan. Washegari da hantsi na je tasha na karɓa. Kwana ɗayan nan Injiniya ya yi shi yana zaune gaban allo biyu baƙaƙe, yana ce wa duk wanda ya shigo aikin sirri yake yi.

Bayan kamar wata biyu, ranar wata Juma'a da aiki ya yi sauƙi, Alhaji ya fito daga ɗakinsa da wata takarda a naɗe, ta yi ja don tsufa. Ya shimfiɗa ta a teburin Malama ya danne gefunan da kofi da rula. Zanen fensir ne na wani gidan ƙasa, da zaure biyu da rumbuna da rijiya. Ya ce gidan mahaifinsa ne a garin Katagum, inda aka haife shi. Shi ne abu na farko da ya zana da ya fara koyon aiki. Gidan ya daɗe da rushewa, 'yan'uwa sun yi ginin bulo a wurin.

"In kina da lokaci," ya ce. "Ba na gaggawa ba ne."

Ta yi mako guda tana yi a tsakanin ayyuka. Ni na taya ta karanta awon, domin wasu lambobin sun goge. Injiniya ya kawo hoton wani rumbu daga Giade don ta ga yadda ake ɗora hular ciyawa. Da ta gama ta kira Alhaji, ta tashi ta ba shi kujerarta. Ya zauna a ɗarare. Ta ɗora hannunsa a kan linzami ta nuna masa yadda zai matsa gaba. Ya shiga zauren farko da ƙyar, yana karo da bango, ya wuce na biyu, ya fito tsakar gida. Ya tsaya nan yana duba hagu da dama.

"Rijiyar ta fi haka kusa da ɗakin Inna," ya ce daga baya. "A takardar ne na yi kuskure, yaro ne ni lokacin. Kuma akwai tsamiya a nan, ban zana ta ba."

Malama ta sunkuya ta matsar da rijiyar, ta dasa tsamiya. Ya ce ta fi haka girma, ta ƙara mata. Ya ce a mayar da rana ta yamma. Ta mayar, inuwar tsamiyar ta miƙe har bakin zaure.

"Yauwa," ya ce. "Nan muke cin tuwo."

Ya nemi a buga masa hoton guda uku, ɗaya nasa, biyu na ƙannensa mata da ke aure a Bulkachuwa. Na sa takarda mai kauri a firinta na buga, ya naɗe su tare da tsohon zanen. Sannan ya dubi agogo ya ce mu rufe, kada mu rasa sahun gaba.